Shuɗin Mai da Geron Jigawa

Yayana ya dawo daga cin rani a Yawuri da injin jirgi a kafaɗa, tsohon hannu, fentinsa duk ya koɗe. Shekara da shekaru yana bin masunta can, abin da ya tara ke nan. Ya ɗaura shi a gindin kwale-kwalen gidanmu, wanda tun tasowarmu da gora da filafili muke tuƙa shi, ya fara fiton mutane ranar kasuwa. Ƙauyenmu yana bakin gulbin Rima, tsakanin Wurno da Goronyo, kuma mu manoma ne, albasa da rani, gero da damina. Injin da muka sani shi ne na ban ruwa, wanda kowane gida ke da nasa ko yake aro.

Injin ban ruwa yana da cikinsa na baƙin mai daban, na fetur daban. Ka zuba masa, ka rufe, ka manta da shi har ya yi baƙi ƙirin. Mu kuma da yatsa muke zaɓen mai. Ka ɗiga tsakanin babban yatsa da manuni, ka buɗe, in ya ja zare ya yi kauri, to mai ne. Injin Yaya ba haka yake ba. Ba shi da wurin zuba mai ko kaɗan. A cikin fetur ake gauraya masa, ya sha su tare ya ƙone su tare. Kuma Yaya bai yarda da kowane mai ba sai wani tsinkakke mai launin shuɗi, mai hoton jirgi a jikin robarsa. Ya ce ruwan gulbi ne ke sanyaya injin, ba ya yin zafi irin na babur, don haka man da ba nasa ba ba ya ƙonewa tas, sai ya bar toka a kan fulogi ya toshe hanyoyi.

Ranar da Baba ya fara ganin man, ya ɗiga a yatsa ya murza, ya dubi Yaya.

"Wanga mi na? Ruwan shuni kak kawo muna daga Yawuri?"

"Baba, shi na abincinai. In an ba shi wani, shina mutuwa."

"To Allah shi ba shi lahiya. Ni ban taɓa ganin ƙarhe mai zaɓen tuwo ba."

Maganar ta bi gari. Har aka riƙa ce wa injin ɗan sarki, wai ba ya cin abincin talakawa. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba, don Yaya yana auna man nan da gwangwanin madara yana kanne ido ɗaya kamar mai sayar da turare.

Gonar geronmu tana hayin gulbi, a kan wata jigawa da ke tsakiyar fadama. Ba mu kaɗai ba ne, kusan duk unguwarmu can take noma. A shekarar lafiya, in an yanke gero an ɗaure, sai a jibge dammunan a can har ruwa ya janye, sannan a kwaso da jakuna. A shekarar da nake magana kuwa gero ya yi kyau irin wanda muka daɗe ba mu gani ba, kuma albasarmu ta ranin da ya wuce ta ruɓe a rumbu, babu wani abin dogaro. Abincin gidanmu na shekara, daga Inna har jikoki, shi ne jibge a kan jigawar nan.

Sai ruwan sama ya ƙi tsayawa. Aka sanar a rediyo cewa dam ɗin Goronyo ya cika, dole a buɗe, mutanen bakin gulbi su kwashe abin da za su iya. Kafin mu gama jin sanarwar gulbi ya riga ya canza launi, ya zama ja, yana tafe da kara da rassan itace. Kwale-kwale mai filafili zai iya haye shi da mutum biyu ko uku, amma ba da kaya ba. Jirgin da zai iya ɗaukar dami ya keta wannan ruwa ɗaya ne a garin, na Yaya. Ya ɗauko robar shuɗin mansa ya ɗaga ta a rana. Abin da ya rage bai rufe gindin robar da kyau ba.

Da wannan ragowar ya haye da Baba da wasu dattawa, don su riƙa matsar da dammuna zuwa ƙololuwar jigawar. Ni kuma ya ce in nemo mai duk inda yake.

Na fara da Wurno, don ita ce kusa. Na shiga shagunan kayan babur ɗaya bayan ɗaya, ina nuna tsohuwar robar. Wani ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Wani ya ciro mini na mota mai kauri, ya ɗiga a yatsa ya ja zare a gabana, yana jiran in yaba. Na ƙarshe ya ce mini duk mai mai ne, in daina wahalar da kaina, ya nuna mini tu-ti, wato man da ake gauraya wa ƙaramin janareta, wanda yake aunawa daga wata jarka marar suna zuwa robobin ruwan sha. Na kira Yaya a waya.

"Akwai tu-ti, amma na awo na. In saye?"

"Ka san mi ag ga jarkar?"

"Ban sani ba."

"Shi ma mai shagon bai sani ba. Bar shi. In da a ruhe yake da na ce ka riƙo, da babu gara ba daɗi. Nemo na jirgi."

Na kira wani abokina ɗan kasuwar albasa a Rabah na roƙe shi ya zaga mini. Ya zaga, Allah ya saka masa. Ya dawo mini da labarin cewa wani mai shago ya ba shi man birki, ya ce shi ma tsinkakke ne. Yana faɗa yana dariya, ni kuwa ina tsaye a bakin tasha. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba.

Sauran Goronyo. Can ne masunta suke, kusa da dam, in akwai man jirgi a ƙasar nan to can yake. Ɗan kabu-kabun da na tsayar ya ce shi ba zai je ba, ana raɗe-raɗin an ga mutanen daji ta wajen Shinaka, rana kuma ta karkata. Na biyu ma haka. Na uku ya dube ni ya ga ba ni da niyyar sauka daga bayan babur ɗinsa, ya yi addu'a ya tayar. A hanya ban ga kowa ba sai gulbi, duk inda hanya ta matso kusa da shi sai in ga ya cinye gonakin shinkafa, kan dawa kawai ke leƙowa. Ina ganin haka ina auna jigawarmu a zuci.

A wata rumfa da ake sayar da taru da ƙugiya na sami abin da nake nema. Mai rumfar ya jawo kwali daga ƙarƙashin benci, ga robobi nan jere, kowace da hoton jirgi. Don murna har na fara kwashewa. Sai na tuna na kira Yaya, shi kuma ya ce kada in yarda da hoto. Akwai masu tara tsofaffin robobi, su sa wa baƙin mai shuni su ɗura, su liƙe marfin da wuta. Ya ce in sami fetur kaɗan a farar kwalba in ɗiga. Na gaskiya yana taɓa fetur zai baje ya rina shi gaba ɗaya. Na jabu zai gangara ƙasa da zare-zare, ya daɗe bai narke ba.

Mai rumfar ya ɓata rai da na ce zan buɗe masa kaya. Ya ce shi ma saye ya yi daga hannun masu kawowa, bai san abin da ke ciki ba, kuma na yarda da shi, don yadda ya tsuguna kusa da ni yana kallon kwalbar ya nuna shi ma yana son ya sani. Na ce masa abincin gida ne a bakin ruwa. Sai ya miƙo mini ta farko. Muka yi ta buɗewa muna ɗigawa. A cikin kwalin duka, roba biyu ce kawai ta rina fetur. Na tambaye shi ko akwai wata rumfar. Ya ce masu jirage sun kwashe tun da aka yi sanarwa, waɗannan ma don suna ƙasan kwali ne.

Na rungumo robobin nan biyu a cikin riga har gida. Yaya ya karɓa, ya jijjiga, ya yi lissafinsa a ka, ya ce za su kwashe geronmu tas har su taimaki gida biyu ko uku. Na ce alhamdu lillahi, don ni geronmu na je nema wa mai.

Da gari ya waye muka sauka mashigi, na ga abin da ban yi tsammani ba, ko da yake ya kamata in yi. Duk unguwa tana can. A wurinmu ba a zuwa gayya hannu sake. In rufin ɗaki ne ka zo da igiya, in noma ne ka zo da fartanya. Yau gayyar jirgi ce, don haka kowa ya zo da ɗan feturinsa da ɗan mansa. Robobi da kwalabe da gwangwanaye, wani ya tsiyayo daga injin ban ruwa, wani daga babur, wani ma tsohon man da aka sauke ne ya ajiye don shafa wa amalanke. Kowa ya miƙa nasa da hannu biyu. Kuma a ce wa mutum mayar da naka, daidai yake da a ce masa kai ba ka isa ba, geronka ma bai isa shiga jirgi ba.

Yaya ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga wanda ke gaban layi. Kawu ne, abokin Baba tun suna yara, mai injin niƙan unguwarmu, kuma uban matar Yayan. Ya riƙo galan na mai mai kauri yana murmushi.

"Ga shi, ɗiyana. Wanga ba ruwan shuni ba na. Shi ka riƙe injin niƙa tun kana goye."

"Madalla, Kawu. Allah shi saka."

Haka Yaya ya karɓe su duka yana godiya, ya jera su a gindin wata bishiya nesa da ruwa. Fetur ya juye a jarka, shi kam duk ɗaya ne. A cikin robobin akwai wata ƙarama, tu-ti a rufe, sabuwa, wadda mai cajin waya ya kawo daga shagonsa. Yaya ya matsar da ita gefe da ƙafa, ya raɗa mini cewa in shuɗin ya ƙare, wannan za ta iya kai mu sawu ɗaya ko biyu. Sauran kuwa ko kusa da injin ba za su zo ba.

Muka haye. Ruwan ya fi yadda nake zato ƙarfi, jirgin yana tafiya a karkace, amma injin yana kukansa lafiya lau. Da muka isa jigawar na ga ta ragu da rabi. Dattawa sun kwana suna jan dammuna sama, idanunsu sun yi ja. Namu suna can gefen gabas a jibge, ni na ɗaure yawancinsu da hannuna. Na nufe su kai tsaye na sunkuya zan ɗauki na farko.

"Aje," in ji Baba.

"Baba, man kaɗan na. Namu kawai zai isa."

"Na ji. Aje. Mai jirgi ba ya hwara kwashe nashi. A hwara da na matar marigayi maƙwabcinmu, ba ta da kowa. Sannan na liman. Sannan a bi gida-gida."

"Baba, in an bi gida-gida ba a kai wa gare mu."

"Mutane sun kawo mansu ko ba su kawo ba?"

"Sun kawo, amma ba ya yi."

"Kun karɓa?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce mun karɓa.

"To kun karɓi geronsu ke nan. In mun kwashe namu munka bar nasu, da wace huska za mu shiga masallaci?"

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, kuma ranar ma ban ɗaga ba, amma na faɗa masa abin da ɗa ba ya faɗa wa uba. Na ce fuska ba ta shiga tukunya. Na ce jikokinsa ba za su ci mutunci ba in rani ya yi. Ya dube ni kawai, ya juya ya kama damin matar marigayi ya ɗora a kansa, tsoho da shi, ya nufi jirgi. Me zan yi? Na karɓa daga kansa.

Haka muka wuni. Mu loda, mu haye, a sauke, jakuna su kwashe, mu koma. Kowane sawu Yaya zai buɗe shuɗiyar roba ya auna a gwangwani, ni kuma in kalli inda man ya tsaya, sannan in kalli inda ruwa ya kai a jigawa. Ɗaya na sauka, ɗaya na hawa. A tsakiyar gulbi, inda ba mai jinmu, na ce wa Yaya ya sa wa geron mutane man mutane, ya ajiye mana namu. Ya ce injin bai san geron wa ya ɗauko ba, in ya mutu yanzu kowa ya rasa, har mu. Na ce to ya rage awon. Ya rage kaɗan, yana tuƙi yana karkata kunne yana taɓa murfin injin da bayan hannu. Da na ce ya ƙara ragewa sai ya ce in ya ƙara, ƙarfe zai ci ƙarfe, injin ya kama ciki, daga nan babu gyara.

Roba ta farko ta ƙare kafin azahar. Sallar ma a gurguje muka yi ta a bakin gaɓa, jiƙe sharkaf. Ina jin mutane suna sa wa Baba albarka, suna cewa irin gidanmu ba a samu, ni kuma kowace albarka tana ƙona mini rai. Ina ɗaukar geron wasu a kaina ina kallon namu, ruwa yana matsowa gare shi a hankali kamar akuyar da ta ga shanya.

Da la'asar aka kwashe na gida na ƙarshe, na Kawu. Yaya ya kifa roba ta biyu a kan gwangwani, ya bubbuga gindinta, ya zuba fetur a ciki ya ɗauraye ya juye. Wannan ne ya dawo da mu gaɓar gari. A lokacin ruwa ya riga ya taɓa layin ƙasa na dammunanmu, kuma a kan jigawar babu wanda ya rage sai Baba, don sauran dattawan sun biyo kayansu.

Na yi tsalle daga jirgi na ruga gindin bishiyar nan don in ɗauko ƙaramar tu-ti. Na tarar da robobin duka a kife, babu komai a cikinsu. A tsakiyarsu ga wata babbar jarka cike, Kawu yana tsaye kusa da ita yana goge hannu da tsumma.

"Na haɗe muku su wuri guda, don kak ku ɓata lokaci. Kuma ka san halin mutane, wani nashi kaɗan na, wani nashi ya yi baƙi, shina jin kunya. Yanzu duk sun zama ɗaya, ba mai gane na wani."

Haka ake yi a gayya. In mata sun kawo gari, a ƙwarya ɗaya ake juyewa don kada a san wadda ta kawo ƙanƙane. Kawu bai yi komai ba sai abin da ya tashi ya ga ana yi, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi. Na san haka yanzu, na san haka a lokacin, amma da ba uban matar Yaya ba ne ban san abin da zai fito daga bakina ba. Na ɗauki ƙaramar robar tu-ti na girgiza, ko ɗigo babu.

Yaya ya iso ya leƙa jarkar. Ya tsoma kara ya ciro, man ya biyo shi baƙi, mai kauri, da ɗan tsaki-tsaki a jiki. Ya daɗe yana kallonsa. Goronyo ta yi nisa, kuma ko an je babu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya cire hularsa ya shimfiɗa a bakin gwangwani ya tace man ta cikinta, ya juye a fetur, muka kama jarkar fetur ɗin mu biyu muna jijjigawa har kafaɗunmu suka gaji.

Injin ya tashi a ja na uku, ya turnuƙe mashigin da farin hayaƙi. Mutanen gaɓa suka ji daɗi. Na ji wani yana cewa yau ɗan sarki ya ci tuwo ya ƙoshi, aka yi dariya. Yaya bai ɗago kai ba.

Mun haye lafiya, har na fara sa rai. Muka loda jirgin fiye da kowane sawu, dami kan dami har ruwa ya kusa baki. Na ce Baba ya shigo. Ya ce nauyinsa nauyin dami biyu ne, mu kai mu dawo, shi zai ci gaba da jan sauran sama. Babu sauran saman da za a ja su, amma babu lokacin gardama.

Muna kaiwa inda ruwa ya fi ƙarfi injin ya fara tari. Yaya ya murza masa wuta, ya ɗan farfaɗo, ya sake tari, ya yi shiru. Shirun nan har yau ina jinsa. Yaya ya kwance fulogi, ya fito baƙi, jiƙe da wani abu kamar kwalta. Ya goge da bakin riga, ya kankare da wuƙa, ya mayar, ya ja igiya. Ya tashi, ya yi kuka kaɗan, ya mutu. Ya sake kwancewa. Ni ina gaba da filafili ina ƙoƙarin riƙe kan jirgin, amma jirgi mai kaya ba ya jin filafili a irin wannan ruwa. Ya juya ya ba ruwa gefe, muka fara gangarawa, gari yana wucewa ta hannun damanmu. Yaya ya yi ta ja har fatar tafinsa ta saɓule, igiyar ta yi ja da jini. Injin ko tari bai sake yi ba.

Ruwa ya fara shigowa ta gefe. A gabanmu akwai wasu itatuwa da ambaliya ta shanye, rassansu kawai ke waje, kuma can ruwan ke kai mu. Yaya ya ajiye igiyar ya ɗauki gora.

"Zub da kaya."

Na yi kamar ban ji ba.

"Ƙanena, zub da kaya ko mu tahi tare da su."

Na kama damin farko. Na san shi, don igiyar da na ɗaure shi da ita ta gaza, na ƙara da tsumman rigata. Na tura shi ruwa. Bai nutse nan da nan ba, ya bi gefen jirgin yana juyawa, sannan ya wuce. Na tura na biyu. Daga nan ban ƙara dubawa ba, ina turawa ina kuka, babba da ni, ina jin Yaya yana nishi a kan gora. Sai da jirgin ya koma fayau sannan ya ji magana, muka goge itatuwan da kyar, muka faɗa cikin wata gonar dawa da ruwa ya shanye, can ƙasa da gari. Muka kama karan dawa muna jan kanmu har muka taɓa ƙasa.

Ban tsaya ɗaure jirgi ba, na bi gaɓa da gudu na koma mashigi, don Baba yana kan jigawa. Mutane sun ga duk abin da ya faru. Na tarar wasu masunta biyu sun riga sun shiga ƙaramin kwale-kwalensu sun tafi ɗauko shi, ba kaya, filafili kawai. Muka tsaya muna kallo. Daga inda muke ana hango jibgin geronmu, ruwa ya zagaye shi, yana zare dammunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, na sama suna zamewa suna binsu. Kafin kwale-kwalen ya dawo, wurin ya zama gulbi kamar ko'ina.

Rana tana gab da faɗuwa suka iso. Baba ya sauko jiƙe har ƙirji, ba hula, ba babbar riga. Rigar ce ya cire ya ƙunshe wani abu a ciki, ya riƙe a kansa da hannu biyu. Kawu ya tare shi a cikin ruwa yana kuka, yana cewa shi ne, shi ya jawo. Baba ya tambaye shi ko geronsa ya isa gida a bushe. Kawu ya gyaɗa kai. Baba ya ce to madalla, ya wuce shi.

Ya zo gabana ya sauke ƙunshin ya buɗe. Zangarniyoyi ne, manya-manya, masu cikakken ido. Tun da ya ga jirginmu ya juya a tsakiyar ruwa, ashe kwance dammuna ya shiga yi yana zaɓen iri.

"Ɗauki ka kai ma uwarka. Ta rataye inda ɓera ba ya kai. Kak ku bari a dake shi, ko mi yunwa tac ce."

Na ɗauka na shiga gari. Inna tana tsakar gida. Wuni guda tana jin jakuna suna wucewa ta ƙofarmu zuwa gidajen mutane, kuma babu wanda ya iya shiga ya faɗa mata. Na miƙa mata ƙunshin na faɗi saƙon Baba. Ta karɓa da hannu ɗaya, ta ji rashin nauyinsa, ta leƙa bayana wajen zaure.

"Ina sauran?"

Na ce mata shi ke nan. Ta matso kusa da ni ta karkato kunne, ta ce in sake faɗa, ba ta ji ba.